Kurakuran da ke kashe majalisar matasa tun ba ta yi ƙwari ba

Kusan duk shekara sai na ji an kafa majalisar matasa a wata mazaɓa, an yi taro, an ɗauki hoto, bayan wata shida ka tambaya a ce ai ta watse. Na daɗe ina riƙe da littafin sakatare na tamu, a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Haɗejia, kuma ramukan da muka faɗa su ne nake ganin ƙannenmu suna nufa ido rufe.

Babban ramin shi ne kuɗin ɗan siyasa. Ana dab da zaɓe wani mai neman kujera ya aiko mana da kujerun roba, da lasifika, da ambulan mai nauyi. Muka karɓa, muka yi godiya har da addu'a. Ya ci zaɓe. Da damina ta yi nisa, ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya juyo ya karya kwalbatin da ke haɗa mu da kasuwa. Mace mai naƙuda sai an ɗauke ta a amalanke an zaga ta cikin gonaki. Muka shirya muka je wurinsa, yaronsa ya tare mu a ƙofa yana murmushi: "Haba samari, ba namu ba ne ku? Ku koma, za a duba." Muka juyo jiki a sanyaye, babu wanda ya iya ɗaga murya, don in baki ya ci dole ido ya ji kunya. Mafi ciwo, samarin ɗaya jam'iyyar tuni sun daina zuwa taro, suna kiranmu 'yan korensa. Kwalbatin nan ya kwana biyu a karye, kuma alhakin matan nan har yau yana damuna.

Tun daga nan na kafe: ba ma karɓar ko sisi. Wasu na cewa a karɓa daga kowa a raba daidai, ni ban yarda ba. Karo-karo muke yi duk Juma'a bayan an sauko masallaci, muka kuma ari gona muka noma riɗi da aikin gayya. Da kuɗin riɗin nan muke biyan motar zuwa sakatariya.

Na biyu, zuwa a makare da baki kawai. Ku ji ni da kyau, samari. Kuna kwasar mutum ashirin ku cika ofishin ciyaman a tsakiyar shekara, kowa na faɗin nasa, wannan taki, wancan filin ƙwallo, wani aikin gwamnati. Me kuke so ya yi muku ban da ya ba ku kuɗin mota ku tafi? Kasafin baɗi ana haɗa shi ne a ƙarshen bana, saboda haka da kaka ake kai buƙata, kafin a rufe takardu. Buƙata ɗaya, a rubuce, da sunan wurin da yawan gidajen da abin ya shafa. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku dawo da shi gida. Ku fara bi ta hannun kansilanku. Jigawa na da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, Kano 484 a 44, kowace da kansilanta, amma da yawanku ko gaishe shi ba ku taɓa yi ba sai ranar rabon kaya.

Ku kuma san abin da ke hannun ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa, shara da ƙananan hanyoyi, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Wutar lantarki ba tata ba ce. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka kuna da hujjar tambaya cikin ladabi: nawa ya shigo, me aka ware wa mazaɓarmu?

Sai mai furfura a kujerar shugaba. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 29, dokar 2018 kuma ta bai wa ɗan 25 damar takarar majalisar jiha. Wanda ya aurar da 'ya ya koma mai ba da shawara.

Kada ku tsallake mai unguwa da dagaci, ku sanar da su kafin kowane taro. Kada ku sa taro lokacin noman farko, babu mai barin gona. WhatsApp bai isa ba, da yawa ƙaramar waya gare su, a yi shela.

'Yan mata kuwa, su ne ke tsayuwa a layin rijiyar burtsatse, su suka san wadda ta lalace da ranar da ta lalace. Taron dare a dandali ba za su zo ba. Mu mun nemi izinin iyayensu, muka mayar da nasu zaman farfajiyar Islamiyya bayan la'asar, malamarsu na zaune, wakilansu biyu suna kawo abin da aka tsayar a rubuce. Takardar gyaran rijiyar unguwar gabas daga wurinsu ta fito, kuma ita ce buƙatarmu ta farko da ta shiga kasafi.