Yadda Ake Zaɓar Hanyar Bincike: A Ƙidaya Ko A Saurara

Ɗalibin da ya kai matakin rubuta kundin digiri a fannin kasuwanci yakan fara tsara takardar tambayoyi tun kafin ya tantance abin da yake son ganowa, saboda ita ya ga magabatansa sun yi amfani da ita. Wannan shi ne tushen yawancin wahalar da ke biyowa baya. Hanyoyin bincike manya guda biyu ne: binciken alƙaluma, wanda ke amsa tambayar "nawa ne" ko "kashi nawa ne", da kuma binciken bayani mai zurfi, wanda ke amsa "me ya sa" da "ta yaya". Tambayar da ke hannunka ce za ta zaɓa maka ɗaya daga cikinsu, don haka aikin farko shi ne ka rubuta ta a jimla ɗaya tak.

Mu ɗauki misalin 'yan kasuwar Kantin Kwari a Kano da yadda suke karɓar kuɗi tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Idan kana son sanin kashi nawa ne suke karɓar taransifa ko POS, ƙidaya za ka yi. Idan kuwa damuwarka ita ce dalilin da ya sa wani dattijo mai shago har yanzu ba ya sakin atamfa sai ya ga tsabar kuɗi, to, zama za ka yi ka saurare shi.

Wanda ya zaɓi ƙidaya, ya fara fayyace su wa yake nufi da 'yan kasuwa: masu shago ne kaɗai, ko har da masu tebur da dillalai da yaran shago? Daga nan ya nemi jerin shaguna wajen shugabannin kasuwa, sannan ya tsayar da adadin waɗanda zai tambaya. Jadawalin da Krejcie da Morgan suka fitar a 1970 ya sauƙaƙa wannan: mutum 1,000 suna buƙatar samfurin 278 (wato mutum 278 da za a zaɓa a tambaya), mutum 10,000 suna buƙatar 370, kuma komai yawan jama'a adadin ba ya wuce 384 idan an amince da kuskuren kashi 5 cikin ɗari.

Sai dai yadda aka zaɓo mutanen ya fi yawansu muhimmanci. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, amma Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su mafi yawa daga kundin masu tarho da masu mota ta samo su, wato masu hannu da shuni, kuma yawancin waɗanda aka aika wa takardar ba su mayar da amsa ba. Ɗalibin da ya raba takardunsa ga shagunan bakin ƙofa kawai, ko ya tura su ta WhatsApp ga abokansa, irin wannan ramin ya faɗa. Gara ya bi kowane layi yana ɗaukar shago na biyar, ko ya sa lambobin shagunan a ƙuri'a.

Kowace tambaya ta tsaya kan abu ɗaya. "Shin taransifa tana da sauƙi da aminci?" tambaya biyu ce a riga ɗaya, kuma wanda ya ga sauƙinta amma bai yarda da amincinta ba ba shi da amsar bayarwa. Ma'aunin da Rensis Likert ya gabatar a 1932, mai matakai biyar daga "na amince ƙwarai" zuwa "ban amince ba sam", yana aiki da Hausa, da sharaɗin wani ya fassara tambayoyin daga Turanci, wani dabam kuma ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba, don a gano inda ma'ana ta karkace. Kada ka tambayi ɗan kasuwa ribarsa kai tsaye, domin zai ɗauka daga ofishin haraji kake. Ka ba shi rukunan adadi ya nuna inda ya faɗa. Tunda ba kowa ke son karatun boko a tsakiyar ciniki ba, ka karanta masa da bakinka, ka shigar da amsar a KoboToolbox, manhajar da ke aiki ko babu intanet. Kafin babban aikin, ka gwada takardar a kan mutum 20 zuwa 30, ka duba ma'aunin Cronbach, lissafin da ke nuna ko tambayoyin da ke auna abu ɗaya suna tafiya tare, wanda akasari ake so ya kai 0.7.

Lissafin kansa manhajojin kwamfuta irin su Excel ko SPSS za su yi shi. Abin kiyayewa shi ne fassara sakamakon: idan ka tarar masu POS sun fi ciniki, wannan bai nuna POS ce ta kawo cinikin ba, domin mai yiwuwa manyan shaguna ne dama suka fi mallakar ta.

Binciken bayani ɗalibai kan raina shi, a ganina kuwa ya fi wuya. A nan da gangan kake zaɓar mutane mabambanta: tsoho da matashi, mai sari da mai sayar da yadi-yadi, wanda ya rungumi taransifa da wanda ya ƙi ta. Ba a ƙayyade adadi tun farko, ana ci gaba da hira har sai sababbin mutane sun daina faɗin abin da ba a ji ba. Ka je da safe kafin kasuwa ta cika, ka samu wanda ake ganin girmansa a layin ya gabatar da kai, ka ba gaisuwa haƙƙinta, sannan ka nemi izini kafin ka kunna rikoda tare da alkawarin ɓoye suna. Maimakon "Alhaji, taransifa tana da matsala ko?", ka ce, "Alhaji, a ba ni labarin ranar ƙarshe da aka biya ta waya." A cikin labarin ne za ka ji zancen alat na bogi, da netwok da ya tsaya mai saye yana jira, da kuɗin da aka cire daga asusunsa ba su iso ba.

Kara da alkunya sukan sa mutum ya faɗi abin da yake zaton kana son ji, shi ya sa ake haɗa hira da lura: ka zauna a shagon ka ga abin da ke faruwa idan mai saye ya ciro waya. Idan za ka tara mutum shida zuwa goma su tattauna, kada ka haɗa maigida da yaronsa, domin yaron ba zai buɗe baki ba. Binciken da ya shafi mata masu sana'a a cikin gida kuwa, mace ce ta dace ta gudanar da hirarsa.

Rubuta hirar awa ɗaya kalma bayan kalma yakan ci awa huɗu zuwa shida. Bayan haka ka karanta sau da yawa, kana yi wa kowace magana laƙabi a gefe, kana tara masu kama da juna har su zama jigogi, kamar yadda Braun da Clarke suka tsara a 2006.

Inda lokaci ya bari, a haɗa hanyoyin biyu. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan gwajin ɗanɗano kusan 200,000 ya nuna an fi son sabon, amma cikin kwana 79 ya dawo da tsohon, saboda gwajin ya auna zaƙi ne, bai auna shaƙuwar mutane da abin da suka saba ba. A Kantin Kwari, ka fara da hira da mutum takwas ko goma, ka gina takardar tambayoyinka da kalmomin da suka fito daga bakinsu, sannan ka ƙidaya yawan masu irin wannan ra'ayi. A babi na uku na kundin, ka bayyana wadda ta zo farko da dalilin haka, da adadin waɗanda ka tuntuɓa, har da waɗanda suka ƙi amsawa.