Yadda Bakano zai shiga teku a Legas ya fito lafiya: zaɓen gaɓa, iyo da hawan igiyar ruwa

Da wuya Bakano ya je Legas, ko saro kaya ya kai shi ko ziyarar 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba, ya dawo bai je ya ga teku ba. Ganin ba laifi. Inda ake samun matsala shi ne wajen shiga, domin ruwan da muka saba da shi a Kano na kwance ne: kududdufin unguwa, dam ɗin Tiga ko na Challawa, ko kwamin wankan otal. Inda ka bar shi nan za ka tarar da shi. Tekun Atlantika kuwa kullum cikin tafiya yake, yana tura mutum gaba, yana jan sa baya, yana kuma karkata shi gefe, duk a lokaci guda. Ga yadda ake shirya masa, daga nan gida har zuwa cikin ruwan.

Tun kana Kano

Fara da kwamin wanka mai tsabta wanda ke da mai koyarwa. Manyan otal-otal na Nasarawa da Bompai suna da su, kuma wasu na barin na waje ya biya ya shiga. A bar kududdufi da bakin dam: ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, akwai ramukan da masu haƙar ƙasa suka bari, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwan.

Ka ba kanka kamar sati takwas, kana zuwa sau biyu ko uku a sati. Abu uku ake so ka iya kafin ka sayi tikiti. Ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ba kama bango. Ka kwanta rigingine a kan ruwa na minti biyar, kunnuwa a ciki, haɓa a sama, hannuwa a buɗe. Sannan ka iya nutso ka fitar da numfashi ta hanci a ƙarƙashin ruwa ba tare da ka firgita ba. Na tsakiyan nan, wanda matasa ke rainawa saboda ba burga a cikinsa, shi ne ya fi ceton rai. Ruwan teku ma zai taimake ka, domin kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, saboda haka ya fi ruwan daɗi ɗaga jiki.

Kayan sawa ma a tanade su tun daga nan. Yadin kaftani, shadda da wandon jins suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa. Namiji ya nemi wando mai ɗan kama jiki wanda ya wuce gwiwa, mai mazagi, da riga irin ta 'yan ƙwallo. A gwanjon Ƙofar Wambai za a samu. Mace ta nemi doguwar rigar iyo da wandonta da hular da ke kama kai. Zumbuleliyar hijabi haɗari ce a cikin teku: igiyar ruwa ɗaya za ta kifa ta a fuska ta toshe hanci da baki. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna.

Wace gaɓa za ka je

Gaɓar Legas iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu ya fi kowace dabarar iyo amfani.

Akwai wadda ke fuskantar Atlantika kai tsaye, ba abin da ya tare ta: Oniru, Elegushi, Alpha, Eleko har zuwa Ibeju-Lekki ta gabas, da gaɓar Badagry ta yamma. Su ne masu kiɗa, dawakai da masu gasa kifi, kuma su direban tasi zai fara ambata maka. Sai dai rairayinsu gangare ne mai tsayi. Taku uku ruwa na gwiwa, na huɗu ya kawo ƙirji. Igiyar ruwa ba ta fashewa can nesa ta iso a gajiye, a bakin gaɓar take miƙewa ta faɗo gaba ɗaya, ta maka mutum da ƙasa. Ruwan da ya haura kuma yana komowa da ƙarfi yana zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Waɗannan wuraren na shan iska ne da jiƙa idon sawu. Baƙon da ya zo daga Arewa ba shi da abin nema a cikin ruwansu.

Sai Tarkwa Bay, wanda shi ne amsar mai son iyo da mai son koyon hawan igiyar ruwa. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka sun jera dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Legas don kada rairayi ya toshe hanyar. A bayan waɗannan katangun ne wannan lungun ya samu, ruwansa ya fi lafawa, ƙasansa kuma na gangarawa a hankali. Su dai katangun nan ne suka tare rairayin da ke zuwa daga yamma, har teku ya yi ta cin Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari, inda yanzu aka cike aka gina sabon birnin Eko Atlantic. Wanda ya je neman Bar Beach yau zai tarar da kankare. Haka ma wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark, an rushe wani ɓangarensa a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba.

Mota ba ta zuwa Tarkwa Bay, sai jirgin ruwa. Ana hawa daga Marina wajen CMS, ko Falomo, ko wasu matsayan Victoria Island, tafiyar kamar minti 15 zuwa 25 gwargwadon injin jirgin. Ka tsaida kuɗin zuwa da dawowa da lokacin da za a zo ɗaukarku kafin ka sa ƙafa. Ka karɓi rigar kariya mai hana nutsewa ka ɗaure duk igiyoyinta, ka ɗaga ta daga kafaɗa: in ta haura har kunne, ta yi maka yawa, a canza. In ka ga an cika jirgi har ruwa na neman taɓa bakinsa, sauka ka jira na gaba.

A bayan katangar yamma akwai Lighthouse Beach, mai tsohuwar hasumiyar fitilar jirage. Da ƙafa ake zuwa daga Tarkwa Bay, wurin shiru ne, ga kyau. Amma can ka koma gaban Atlantika ne tsirararsa, na ƙwararru ne kawai.

Lokaci

Manyan igiyoyin ruwa na zuwa ne da damina, daga wajen Mayu zuwa Satumba, saboda guguwar da ake yi can kudancin Atlantika. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗa mu a Kano, teku ya fi kwanciya, kuma ruwan Legas da ɗuminsa duk shekara. Mai koyo ya zaɓi wannan lokacin, ya kuma je da safe kafin iskar yamma ta taso ta hargitsa ruwan. Abu ɗaya game da iskar hunturu: daga tudu take busawa zuwa cikin teku, don haka yaron da aka ɗora a kan tayar roba mai iska, cikin ƙiftawar ido za ta yi nisa da shi.

Teku na cika ya janye sau biyu a rana, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, abin da mai bin lissafin watan Musulunci ba sai an duba masa ba. Jan ruwa ya fi tsanani sa'ad da teku ke janyewa. In an kwana ana ruwan sama mai ƙarfi, a ɗaga tafiyar kwana ɗaya ko biyu, domin dattin kwatocin gari ta mashigar nan yake fita.

Karanta ruwan kafin ka shiga

Da isarka, kada ka tuɓe. Hau inda ya ɗan fi tudu ka zauna minti 15 kana kallo. Igiyoyi ayari-ayari suke zuwa: 'yan ƙanana na ɗan lokaci, sai manya uku ko biyar a jere, sai lafawa. Wanda ya shiga a lokacin lafawa yana zaton haka ruwan yake, shi manyan ke ritsawa da shi.

Abin da kake nema da ido shi ne hanyar komawar ruwa. Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa kwari a cikin rairayi ya riƙa bi da gudu zuwa ciki, kamar kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Gudunsa na iya wuce mita biyu a daƙiƙa, wanda ko zakaran iyo na duniya ba zai iya cin gabansa ba. Alamarsa: wani tsiri mai duhu, lumui, inda igiyoyi ba sa fashewa alhali dama da hagu farin kumfa ne, ko ka ga leda, kumfa da ruwa mai launin ƙasa suna tafiya ciki. Abin takaicin shi ne nan ne ya fi kama da wurin da ya dace da wanka, nan kuma baƙo ke zaɓar wa yaransa. Gefen katangar duwatsu ma kusan kullum akwai irin wannan jan.

In ya kama ka, za ka ga gaɓa na nisa kana iyo ba ka matsawa. Kada ka yi kokawa da shi. Ba ƙasa yake jan mutum ba, ciki yake kai shi, kuma yana mutuwa da an wuce inda igiyoyi ke fashewa. Gajiya da firgici ne ke kashewa. Kwanta rigingine kamar yadda ka koya a Kano, ka daidaita numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya. In kana da ƙarfi, yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓar, har ka shiga farin kumfa, shi zai turo ka waje. Iya ruwa fidda kai.

Ka tambayi 'yan wurin, musamman yaran da ke hawan allo, wato dogon faifan da ake tsayawa a kai igiyar ruwa ta turo mutum gaɓa, inda ake shiga a ranar, domin rairayi na canza wuri. Inda aka kafa tutoci, tsakanin masu ja da ruwan ɗorawa ake wanka, jar tuta zalla kuwa hani ce. Inda ba ka ga mai ceto a zaune ba, ka ɗauka babu shi.

Shiga da wani, kada ka wuce ƙugu a ranar farko, kada ka juya wa teku baya ko don hoto. Ƙaramar igiya a tare ta da gefen jiki, ƙafafu a ware. Babba kuwa a nutse ta ƙarƙashinta, hannuwa a gaba. Kada ka taɓa yin alkafura da ka a inda ba ka san zurfinsa ba, nan wuya ke karyewa. Ka sa alama a tudu, kamar wata bukka ko bishiyar kwakwa, domin a buɗaɗɗiyar gaɓar Legas ruwa na jan mutum gabas, wato hagunka in kana fuskantar teku. Yaro kuwa kada ya wuce inda hannunka zai kai.

Hawan igiyar ruwa

A Tarkwa Bay ana ba da hayar allo, akwai kuma 'yan wurin da ke koyarwa. Kada ƙaramin allo mai tsinin baki ya burge ka. Nemi na soso, dogo, ƙafa 8 zuwa 9, mai faɗi. Duba fikafikan da ke ƙasansa ba su girgiza, igiyar ƙafa kuma ba ta tsage ba. Tsawonta ya kai na allon, a idon sawun ƙafar da za ta zauna baya ake ɗaura ta. Don gane ƙafar, sa wani ya ɗan tura ka ta baya: wadda ta fara fita ita ce ta gaba.

Yi atisayen miƙewa a kan rairayi sau 20. Kwanta rub da ciki, tafukan hannu a shimfiɗe ƙarƙashin ƙirji, ka tura jiki sama, ka jawo ƙafar gaba tsakanin hannuwanka a yunƙuri ɗaya. Tsayuwar a karkace take, gwiwoyi a lanƙwashe, ido a gaba. Mai kallon ƙafarsa faɗuwa yake yi. Mai kama gefen allo kuma karkata shi yake yi.

A cikin ruwa, tsaya iya ƙugu inda igiya ta riga ta fashe ta zama kumfa. Allon ya kasance a gefenka, ba tsakaninka da igiyar ba, in ba haka ba shi za ta kwaɗa maka a haƙora. Juya bakinsa gaɓa, ka kwanta yadda bakin zai ɗago kamar yatsa uku daga ruwa. Ka matsa gaba da yawa, bakin ya nutse ka wuntsila. Ka ja baya da yawa, igiyar ta wuce ta bar ka. Fara tuƙi da hannu tun tana nesa, in ka ji ta ɗauke ka ƙara tuƙi biyu, sannan ka miƙe. In za ka faɗi, faɗi a shimfiɗe, ka fito da hannuwa a kan kai. Kada ka naɗe igiyar allon a yatsa. Kusa da katanga, inda igiya ke dukan dutse ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta ta yi tsini, wurin gwanaye ne, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita.

In wani ya nutse

Mai nutsewa ba ya ihu. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a baya, baki na shiga yana fita. Kada ka faɗa hannu rabbana, zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa: allo, ko jarka mai lita 25 da ba komai a ciki an ɗaure murfinta, wadda ke aikin goran masunta. A kira 112 ko 767. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi a busasshen wuri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau biyu, a ci gaba a haka, dannawar ta kai 100 zuwa 120 a minti. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki don fitar da ruwa. Ko ya farfaɗo yana cewa ya warke, a kai shi asibiti, saboda ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan 'yan awoyi.

Ka tafi da ruwan sha mai yawa, domin gishiri da rana na busar da mutum bai sani ba, ka rage kaɗan na ɗauraye ido da fuska. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, don haka azahar da la'asar ba sa buƙatar buta. Jirgin dawowa a sa shi ƙarfe biyar, domin hukuma ta hana zirga-zirgar ƙananan jirage da dare, kuma wanda ya bari magariba ta same shi a can zai biya abin da mai jirgi ya yanka masa.