Matakan fita yini guda a kayak cikin teku lokacin sanyi

’Yan Damagaram da karatu ya kai Faransa, musamman yankin Bretagne na bakin teku, kan samu gayyatar fita a kayak, wato ƙaramin kwale-kwalen mutum ɗaya ko biyu. Ga yadda ake yi.

Da farko duba jadawalin cikowa da janyewar teku. Wannan ba tafkin Gidimuni ba ne da ruwansa ke kwance. Teku na cikowa sau biyu a yini, tsakanin cika da janyewa kusan awa 6 ne. Ku tsara ku tafi da ruwa, ku dawo da shi. Wanda ya saɓa wa tafiyar ruwan zai tuƙa har kafaɗa ta mutu bai gusa ba, ko ya tarar da taɓo inda ya bar ruwa da safe.

Sai sutura. Ruwan can a watan Fabrairu wajen digiri 10 ne, hunturunmu wasa ne. Sa rigar roba mai hana ruwa shiga, ɗora rigar ceto, ka ɗaure ta sosai. Auduga kam bar ta a gida.

Saka waya a jakar da ruwa ba ya ratsawa. Lambar ceto a tekun Faransa 196 ce.

Ɗauki shayi mai zafi da dabino.

A kan ruwa gwani ɗaya gaba, ɗaya baya, kada kowa ya yi nisan da ba za a ji kiransa ba. Ku fito tudu kafin la’asar sakaliya, rana na saurin faɗuwa.