Kurakuran Sabon Shiga a Gashin Gawayi da Kayan da Ke Gyara Su

Yawancin masu fara gashi da gawayi a kan murhu kuɗinsu ke ƙarewa. Sai mutum ya sayi babba mai sheƙi, ya haɗa da akwatin nan mai cike da cokula da wuƙaƙe, alhali kayan da za su raba shi da ƙonannen nama ba su da yawa, kuma galibinsu ba sa cikin akwatin.

Tun wajen kunna wuta ake fara ɓata aiki. Gawayi ya ƙi kamawa, sai a kwarara masa kananzir, wani ma fetur. Kananzir yana barin wari a jikin nama. Fetur kuwa tururinsa ne ke kama wuta, kafin ka ja hannu ta lashe maka gira. Maganin wannan shi ne gwangwanin kunna gawayi: dogon gwangwani ne na ƙarfe mai mariƙi, da raga a cikinsa da huji a ƙasa. Ka cika samansa da gawayi, ka cusa takarda a ƙarƙashi, ka ƙyasta ashana. Iska na shiga ta ƙasa tana jan wutar sama, cikin minti 15 zuwa 20 za ka ga farar toka ta fara rufe na saman. To, lokacin ne ake juyewa a murhu. Wanda ya ɗora nama a kan baƙin gawayi mai hayaƙi, ɗacin hayaƙin zai ci.

Bayan an juye, sai sabon shiga ya shimfiɗe garwashin ko'ina, murhu ya zama wuta daga wannan gefe zuwa wancan. A ganina wannan ne ya fi kowane kuskure cin nama. Cinyar kaza a kan irin wannan wuta, fatarta ta yi baƙi ƙirin, kusa da ƙashi kuwa jini ne. Kitse na ɗiga, wuta ta tashi, ba inda za ka gudu da naman. Ka tara garwashin a gefe guda, ka bar ɗayan gefen babu komai. A kan wuta ake sa nama ya yi ja, sannan a matsar da shi gefen da babu garwashi, a rufe, ya nuna a hankali har ciki. Shi ya sa ƙaramin murhu mai murfi da ƙofofin iska ya fi ƙato marar murfi amfani. Ka buɗe ƙofofin, wuta ta ƙaru, ka rage su ta lafa. Idan maiƙo ya kama da wuta, kada ka watsa ruwa, don toka da mai za su fantsamo maka. Janye naman, ka rufe murfi da ƙofofin, za ta mutu da kanta.

Cokali mai yatsu ba abin juya nama ba ne, yana huda shi, kuma yanka mai nauyi na iya sulluɓewa ya faɗa toka. Dogon awartakin girki ake nema, kamar santimita 40. Ka mallaki biyu: ɗaya na gawayi da ɗanyen nama, ɗaya na wanda ya gasu. Haka ma faranti, wanda ya kawo ɗanye ba ya mayar da gasasshe sai an wanke shi. Ka haɗa da safar hannu ta fata mai kauri. Jiƙaƙƙen tsumma kuwa kada ka kuskura, ruwa yana kai zafi hannu nan take.

Akwai masu cewa ido ya isa gane nama ya nuna. Wanda ya shekara a bakin wuta wataƙila, amma sabon shiga ya sayi ma'aunin zafi mai tsinke. A soka shi a inda ya fi kauri, ban da taɓa ƙashi. Kaza sai ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, niƙaƙƙen naman sa 71, kifi da yankan nama 63, shi yankan a bar shi ya huta minti 3 kafin a sa wuƙa. Agogon auna zafi da ke jikin murfi zafin iskar murhu yake faɗa, bai san abin da ke cikin nama ba.

Wajen goge raga, burushin waya mai araha yana zubar da siraran wayoyi, su maƙale a raga, su shiga abinci. Dunƙulalliyar takardar alminiyam a bakin awartaki tana yin aikin, musamman raga na da zafi. Kuma kada a yanko ragar shinge mai rufin zinki a mayar da ita ragar gashi.

Toka na iya riƙe wuta har kwana biyu, don haka bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, ba leda ko kwali ba. Idan hadari ya taso kuma, kada a ja murhu cikin ɗaki ko gareji, ko da taga a buɗe. Gawayi na fitar da iskar guba marar wari da launi, tana kashe mutum yana barci, kuma garwashin da ake ganin ya mutu bai daina fitar da ita ba.