Yadda ake sauya rulma da bututun tsakiya a ƙafar moto ta baya

Ka ɗaga moto bisa ƙafar tsayuwa ta tsakiya, ka kama taya da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe. In ta yi wasa, ko ka juya ta ka ji gurnani kamar da yashi a ciki, rulma ta ci, wato zobba biyu na ƙarfe masu ƙwallaye a tsakaninsu da ƙafar ke juyawa bisa su. A Tahoua ƙurar hunturu, rairayin hanyoyin ƙauye da lodin buhunan albasa bisa moto 125 su ne ke cinye ta da wuri.

Kayan aiki: kile daidai da ekurun aks (notin da ke ɗaure sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar ƙafa), marto, dogon ƙarfe mai lebur baki, filaya, giris da tsumma. Kada ka sayi rulma sai ka ciro tsohuwar ka karanta lambar da ke jikinta. 6202 da 6302 duka raminsu milimita 15 ne, amma faɗin waje na farkon 35, na biyun 42, kuma akwai motocin da ke ɗauke da ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ka nemi mai alamar 2RS, wato mai murfin roba gaba da baya. Mai murfin ƙarfe, wadda aka rubuta wa ZZ, ba ta tare ƙura yadda ƙasar nan take buƙata.

Ka kwance sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birki, ka sassauta masu jan shen (sarƙar moto), ka kwance ekuru ka zare aks. Zobban ƙarfe na gefe za su faɗo. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka na dama ka aje shi dama, na hagu hagu. Ko ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai.

Ka kwantar da ƙafar bisa katako biyu, ka duba ko akwai zoben makulli da ke tare rulma, in akwai ka cire shi tukuna. Tsakanin rulma biyun akwai bututun ƙarfe. Ka tura shi gefe da dogon ƙarfenka har bakin rulmar can ƙasa ya bayyana, ka riƙa bugu kaɗan-kaɗan kana zagayawa: nan, sannan ɗaya gefen. In ka dage wuri guda za ta fito a karkace ta ƙwaƙule mazauninta, kuma tambur, wato cibiyar ƙafa inda rulma ke zaune, na alminiyom ne, ba ya jure haka. In ta fita, ka juya ƙafar ka fitar da ɗayar haka nan. Rulmar da aka fitar da bugu ta gama aiki, kada a mayar da ita.

Wannan bututun shi ne gaba ɗayan aikin, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Idan ka ɗaure aks, ƙarfin ɗaurin yana bi ta zoben gefe, ya shiga zoben ciki na rulma, ya bi ta bututu zuwa ɗaya rulmar. In babu bututu, ko bakinsa ya cinye ya gajarta, ɗaurin zai matse ƙwallayen rulma ta gefe. Ƙafa ta yi nauyin juyawa, tambur ya yi zafi, sabuwar rulma ta mutu cikin ƴan kwanaki, a ce jabu aka saya. Ka duba bakinsa biyu: in sun lotsa ko sun baje, ka sa sabo mai tsawon asali daidai. Guntun fayif da aka yanka da ido ba ya maye gurbinsa.

Ka goge mazaunin rulma tas, ka shafa giris kaɗan. In ka bar tambur a rana ya yi zafi, rulma kuwa ta kwana a firji cikin leda, shigarta za ta yi sauƙi, don alminiyom yana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe. Ka ɗora tsohuwar rulma bisa sabuwar ka buga a hankali, bugun ya sauka kan zoben waje kaɗai. Bugun zoben ciki yana lotsa hanyar ƙwallaye tun moto bai tashi ba. Ƙarar bugu za ta sauya idan ta zauna. In rulma ta faɗa mazauninta da yatsa kawai, tambur ne ya buɗe, cusa gwangwani a gefe ba magani ba ne.

Ka juya ƙafar, ka saka bututu, ka zura aks don ya daidaita shi, sannan ka shigar da ta biyu har ta taɓa bututun, ka tsaya nan. Ka sa yatsa ka juya: ya kamata duka biyun su juya sumul, bututu kuma kada ya yi ƙara a ciki.

Kafin ka haɗa, ka duba robobin da ke bayan kuron (faifai mai haƙora da shen ke hawa) da takalman birki, giris kada ya taɓa su. Ka shafa wa aks giris, ka mayar da zobban gefe wurarensu, ka ja shen har alamomin dama da hagu su zo ɗaya, wasansa ya kai milimita 20 zuwa 30 a tsakiya. Ka taka birki ka riƙe yayin ɗaure ekuru, ka sa sabon fil na makulli. Bayan ɗan zagaye ka taɓa tambur kusa da aks. In ya yi zafi alhali ba ka yi ta taka birki ba, ka sake kwancewa ka auna bututun.