Yadda Ake Auna Intanet ɗin Gida a Katsina Kafin a Biya Kuɗi

Mai niyyar sa intanet a gida yakan fara da tambayar wane kamfani ne ya fi, alhali a Katsina amsar tana canzawa daga unguwa zuwa unguwa, wani lokaci ma daga ɗaki zuwa ɗaki. Layin da ke gudu a Ƙofar Ƙaura yana iya rarrafe a Rafin Daɗi, domin abin da ke iso wa gidanka ya dogara ne da nisanka daga turken sadarwa, da yawan mutanen da ke kansa, da irin ginin da ke tsakaninku. Saboda haka gwajin da za a dogara da shi shi ne wanda aka yi a cikin gidan da za a yi amfani da intanet ɗin.

Kafin gwaji, ya kamata a fahimci ma'aunin da kamfanoni ke talla da shi. Suna rubuta Mbps, wato megabit a daƙiƙa ɗaya, su kuwa bidiyo da takardu ana auna girmansu da megabait, kuma megabait ɗaya daidai yake da megabit 8. Ke nan layin da ke ba da Mbps 20 yana sauke megabait 2.5 ne a daƙiƙa, fayil mai giga ɗaya zai ɗauki kusan minti 7. Lambar gudun da ke jikin kwalin na'urar intanet kuwa ita ce ƙololuwar abin da na'urar za ta iya a wuri mafi dacewa, da wuya a gan ta a cikin gida.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ari layukan MTN da Airtel da Glo daga 'yan uwa ko maƙwabta, a sa ɗan data kaɗan a kowane, a gwada su a waya guda ɗaya domin kada bambancin wayoyi ya rikita sakamako. Manhajar Speedtest ko shafin fast.com sun wadatar. A gwada da hantsi, a sake bayan azahar, sannan a maimaita tsakanin isha'i da ƙarfe goma na dare, lokacin da kowa ya koma gida ya hau kallo. Na fi ba gwajin daren nan muhimmanci, domin a lokacin ne iyali ke buƙatar intanet, kuma a lokacin ne turken da ya cika da jama'a yake nuna gazawarsa. A rubuta sakamakon a takarda har kwana uku, a kuma lura cewa gwajin kansa yana cin data, musamman inda gudu ke da yawa.

Manhajar tana nuna lambobi uku, amma yawancin mutane ta farko kawai suke dubawa, wato saurin saukewa. Ta biyu ita ce saurin ɗorawa, wanda shi ne abin dogaron ɗalibin da ke aika aikin makaranta da 'yar kasuwar da ke tura bidiyon atamfa ga masu saye. Ta uku ita ce jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ya yi ƙasa da 100, kiran bidiyo yakan tafi daidai; idan ya haura ɗaruruwa, sai magana ta riƙa karo da juna. Layin da ke tsaye a Mbps 10 safe da dare ya fi wanda ke kai 50 da hantsi ya faɗo 2 bayan magariba, don Mbps 5 ma tana isar mutum ɗaya ya kalli bidiyo garau.

Maganar kuɗi tana buƙatar lissafi, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. A danna *312# a kowane layi a ga tsare-tsaren data, sannan a raba farashin da yawan giga domin a san nawa giga ɗaya ya tsaya. A cire abin da aka keɓe wa tsakar dare daga lissafin idan gidan ba ya farke a lokacin. Tsarin da ake kira mara iyaka ma yakan zo da sharaɗi: in an cinye wani adadi, sai a rage gudun har wata ya ƙare, don haka a nemi sanin adadin da kuma gudun da za a koma. A haɗa kuɗin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, da na datar wata goma sha biyu, a kwatanta jimillar shekara, ba ta wata ɗaya ba.

Game da 5G, wanda MTN ya ƙaddamar a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo a 2023, kada a sayi na'urarsa sai an tabbatar ya iso unguwar, in ba haka ba 4G za ta riƙa kamawa bayan an biya kuɗi mai yawa. Starlink, da ya shigo ƙasar a 2023, yana amfani da tauraron ɗan Adam, saboda haka yana da amfani ga gidajen bayan gari da ƙauyukan da sabis ba ya kai wa sosai. Sai dai na'urarsa da kuɗin watansa sun fi tsada, tana son sararin sama babu inuwar bishiya ko bene, ruwan sama mai ƙarfi yana iya katse shi, kuma tana cin wuta fiye da rauta ta gama-gari nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da sola ko inbata ya sa wannan a lissafinsa. Ita kuwa MiFi, wato ƙaramar rauta ta aljihu, tana da batir, tana ci gaba da aiki ko an ɗauke wuta.

Bayan an saya, wurin ajiye rauta yana canza sakamako ƙwarai. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni da rufin kwano duk suna raunana sigina, don haka a ɗora ta a sama kusa da taga, a gwada tagogi daban-daban har a sami wadda ta fi. Idan rautar tana da tashoshin Wi-Fi biyu, 2.4GHz da 5GHz, ta farko ta fi ratsa bango zuwa ɗakunan cikin gida, ta biyu ta fi sauri a kusa. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, a riƙa duba ragowar data da *323#. Idan sabis ya lalace, a fara kai ƙorafi ga kamfanin ta lambar 300, a riƙe lambar ƙorafin da suka bayar, in ba a gyara ba sai a kira NCC kyauta a 622 da takardar gwaje-gwajen a hannu.