Babi na 7: Tafiya Abuja Kai Kaɗai

Da an gama girbi, tashoshin mota a Katsina, Gusau, Dutse da Bauchi kan cika da samari masu ƙunshin kaya. Da yawansu 'yan cirani ne, da hadari ya fara haɗuwa za su juyo gida. Akwai kuma waɗanda suka ɗaura niyyar zama: wannan an yi masa alkawarin gadi, wancan zai koyi walda, wata ta samu aikin shago ko gurbin karatu. Da su muke magana a wannan babi. Mun ɗauki Abuja ne misali, domin tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta koma can a watan Disamba na 1991, garin bai daina jan matasan Arewa ba.

Wa zai karɓe ka?

Wannan tambaya ta fi kuɗin mota muhimmanci. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka ɗaure kaya, ka nemi mutum guda da iyayenka suka sani, shi ma ya san su, ka yi magana da shi baki da baki. "An ce wane yana can" ba masauki ba ne. Karanta wannan hira ta waya tsakanin wani saurayi da yayan mahaifiyarsa:

"Salamu alaikum. Kawu, ina wuni? Ɗan ƙanwarka ne, daga gida."

"Alaikumus salam. Lafiya lau, ɗana. Ya mutan gidan?"

"Duk suna gaishe ka. Inna ce ta ce in nemi izininka, ina so in zo bayan Sallah."

"To, madalla. Wace sana'a ce a hannunka?"

"Na yi shekara biyu a wajen mai gyaran babur. Kawu, kwana nawa zan iya yi a wurinka?"

"Ɗakin ƙarami ne, mu uku ne a ciki. Amma wata guda ba zai gagara ba."

"Allah ya saka da alheri. A ina zan sauka?"

"Ka ce wa direba ya ajiye ka a Zuba. Kana sauka ka kira ni. Kada ka bi kowa."

Ka lura, yaron bai bari kunya ta hana shi tambayar kwana nawa ba. Da yawa sukan yi shiru a nan, su je su tare a ɗakin mutum wata biyar, har fuska ta fara canjawa, zumunci ya yi tsami. Mai masaukinka shi ma haya yake biya, wataƙila har ruwan wanka saya yake a wajen 'yan garuwa. In ka san wa'adinka tun daga gida, za ka tashi neman aiki da zafinka. Kuma ko gyaɗa ce ko daddawa, kada ka isa hannu rabbana.

Wannan mutum yana da wani amfani da ba a cika tunawa da shi ba. Masu ɗaukar mai gadi, yaron shago ko direba kusan kullum sai sun nemi garanto, wato wanda zai tsaya maka, ya sa hannu, a san inda za a same shi in wani abu ya taso. Baƙon da ba shi da mai tsaya masa, ko ya iya aikin, sau da yawa haka zai ga an ba wani.

Wajen aiki daban, wajen kwana daban

Abujar da ake nunawa a talabijin, wato Maitama, Asokoro, Wuse da Garki, wajen aiki ce ga talaka. Kwana kuwa sai gefen gari: Kubwa, Dei-Dei, Zuba, Gwagwalada, Nyanya. Wasu wuraren ma ba a cikin Babban Birnin Tarayya suke ba. Mararraba da Masaka a jihar Nasarawa suke, Suleja da Madalla a jihar Neja. Daga can jama'a ke yin sammako su shigo gari, kuma hanyar Mararraba zuwa Nyanya ta yi suna wajen cunkoso safe da yamma. Wanda ke tunanin zai yi acaɓa ya sani cewa tun 2006 aka hana ta a tsakiyar birnin.

Saboda haka kada yawan albashi ya ruɗe ka, sai ka cire kuɗin mota tukuna. Mu yi lissafi. A 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A ce haka za a biya ka a wata. A ce kuma, misali kawai, zuwa da dawowa na cin naira 2,000 kullum, kana aiki kwana 26. Naira 52,000 ta tafi a hanya. Saura 18,000, ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka aika wa Inna ko sisi ba. Shi ya sa aikin naira 50,000 da aka ba ka wajen kwana zai iya fin na 70,000 albarka. Tambayi Kawu kuɗin motar yau, ka sake lissafin da alƙalaminka.

Abin da za ka riƙo

Lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ta zama dole: da ita ake rajistar layin waya, da ita ake buɗe asusun banki. Ka haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukuma, hotunan fasfo, da duk wata takardar makaranta ko ta koyon sana'a. Yi musu kwafi, ka bar saiti ɗaya a gida. Lambobin waya uku ka rubuta su a takarda ka sa a aljihun ciki, don waya na iya mutuwa ko a sace ta a tasha. Sannan ka ware kuɗin motar komawa gida, ka ɗauka ba naka ba ne.

Ɗakin haya

A nan baƙi suka fi kuka. Galibi kuɗin shekara guda ake biya a dunƙule, dillali kuma ya karɓi nasa, yawanci kashi 10 cikin 100. Akwai dillalan kirki. Akwai kuma wanda zai nuna ɗaki ɗaya ga mutum uku, ya karɓi kuɗin kowa, ya kashe waya.

Kada ka biya sai ka shiga ɗakin da ƙafarka. Ɗaga kai ka dubi silin: baƙin tabo alama ce ta yoyo. Dubi gindin bango, in fenti ya kumbura yana ɓarewa, da damina laima za ta ci tabarmarka. Leƙa banɗaki ka ƙirga ɗakuna nawa ke amfani da shi. Sannan ka bar dillalin, ka gaida wani ɗan haya na gidan, ka tambaye shi wane ne mai gida, yaya ake raba kuɗin wuta, ina ake samun ruwa. In ka ga jan fenti an yi alama a jikin katanga, ka yi tambaya da kyau, domin hukuma kan yi rusau a unguwannin da aka gina ba da izini ba.

Ranar biya ka tafi da Kawu, a hannun mai gida ko wakilin da ya nuna da bakinsa za ka ba da kuɗi. Rasit ya ƙunshi sunanka, adadin kuɗin da lamba da kuma kalmomi, ranar da haya ta fara, ranar da za ta ƙare, da sa hannu. Karanta shi da kanka kafin ka miƙa ko kwabo. Irin wannan rana ce ta sa kake zuwa ajin nan.

A kan hanya

A tasha ake shiga mota. Akwai ɓarayin da ake kira 'yan wan-cans: za su tsaya a bakin titi da mutane a ciki kamar fasinjoji, alhali duk bakinsu ɗaya. Sai an yi nisa su ƙwace waya, su tilasta wa mutum ya faɗi lambar sirrin katinsa na banki. Arhar da ake samu a bakin titi ba ta kai wannan kasada ba, musamman da dare. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Ke kuma 'yar'uwa, in an ce an samo miki aikin gida ko na shago, kada ki yarda da "sai kin zo za ki gani". A gaya wa iyayenki sunan mutanen gidan, unguwar, da albashin, kuma wani naku ya je ya gani da idonsa. Wayarki da takardunki su zauna a hannunki. Duk wanda ya ce zai ajiye miki su, ki ƙi.

Kewar gida

Makonnin farko suna da nauyi. Za ka wuni cikin dubban mutane ba wanda ya kira sunanka. Wannan ba rauni ba ne, kowa ya taɓa ji. Ka riƙe masallaci ko coci guda har a san fuskarka. Ka gaida mai unguwa. Ka nemi ƙungiyar 'yan garinku, don su ne za su taru in ciwo ya kwantar da kai. Abokin da ya fara nuna maka ƙwaya da sunan maganin gajiya, ka rabu da shi tun ranar.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da abu bai yi masa daɗi ba, amma in ya kira gida sai ya ce komai lafiya, har ya ci bashi ya aika don kada a raina shi. Gaya wa mahaifanka gaskiyar abin da kake samu tun watan farko. In wa'adin da ka ɗiba ya cika ba aiki, ɗauko kuɗin da ka ware ka hau mota. Gona tana nan, kuma wata shekarar za ka dawo ka riga ka san gari.

Aikin aji

Rubuta sunan garin da kake son zuwa, da dangantakarka da wanda zai karɓe ka. Sannan ka warware wannan: haya naira 180,000 ce a shekara, dillali zai karɓi kashi 10 cikin 100, ku uku ne za ku raba daidai. Nawa kowa zai kawo? Daga nan ka rubuta rasit na wannan kuɗi a littafinka, ka ba na kusa da kai ya duba ko akwai abin da ka manta.